Na iya ruwa tun a Yauri, zan iya aikin laifgad a bakin tekun Legas?

Wani ƙanenmu ɗan Yauri da ke zaune a Agege ne ya turo tambaya, ya ce shi tun yana ɗan shekara bakwai yake iyo a kogin Kwara, gidansu ma gidan masunta ne, yanzu kuma wani ya yi masa hanyar aikin laifgad, wato mai ceton masu wanka, a wani bich, wurin shaƙatawa na bakin teku, can wajen Lekki, sun ce in dai ya iya ruwa ya zo kawai su ba shi riga da usur ya fara aiki. Shine yake tambaya wai akwai wani tirenin da ya kamata ya yi ne ko iya ruwan nasa ya wadatar, sannan me ya sa duk Sallah sai an ji teku ya ci yaranmu, da gaske ne akwai wani abu a cikin ruwan da yake jan mutane?

Toh ƙanena, na yi shekaru ina zaman bakin teku ina wannan aikin kafin daga baya na koma koyar da sababbin shiga, kuma abin da zan fara gaya maka shine kar ka karɓi usur ɗin nan tukuna. Ba raina iya ruwanka nake yi ba, na san Sarkawa da Kabawa, na ga yadda mutumin Argungu yake hawa gora ya tsaya a tsakiyar ruwa kamar yana zaune a tabarma, wannan baiwa ce kuma za ta taimake ka. Amma Hausawa da suka ce iya ruwa fidda kai, kanka kaɗai suke nufi, a wannan aikin kuwa kan wani za ka fidda, wanin da ya ruɗe yana neman ya hau kanka, a cikin ruwan da ba irin wanda ka sani ba ne. Kogi hanya ɗaya yake bi, ka san daga inda ya fito ka san inda ya nufa, ko ya ja ka ka san gaba kaɗan za ka kama gaɓa. Teku kuwa zuwa yake yi ya koma, ya tura ka gaba ya fizgo ka baya ya kuma gangara da kai gefe duk a lokaci guda, ga gishiri yana cin ido da maƙogwaro, ga yashin da kake takawa yana zamewa a ƙarƙashin ƙafarka.

Bari in fara da abin da yake jan mutanen tunda shine kowa yake son ji. Akwai shi kam, amma ba aljani ba ne ba kuma mamiwata ba ce, mu a wurin aiki rif muke ce masa. Kaga duk igiyar ruwan da ta taso ta fashe a bakin gaɓa ruwa ta kawo ta zuba, wata ta biyo ta ƙara, wata ta ƙara, toh ruwan nan da ya taru dole sai ya koma inda ya fito, sai ya nemi wurin da yashin ƙasa ya yi kwari ya bi ta nan da ƙarfi ya nufi tsakiyar teku, kamar dai yadda ruwan sama yake taruwa a unguwa ya bi ta kwata ɗaya. Wato kogi ne ƙarami a cikin teku, yana gudu daga gaɓa zuwa ciki. Sau da yawa faɗinsa ba wani mai yawa ba ne, taku ashirin ko talatin ka tsallake shi, gudunsa na yau da kullum kamar rabin mita ne a sakan ɗaya amma an auna wanda ya kai mita 2.5 a sakan, wanda ko zakaran iyo na gasar Olamfik bai isa ya yi gaba da gaba da shi ba balle ni da kai. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka, USLA, ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen da masu cetonsu suke fitarwa a bakin teku mai igiya, rif ne ya ɗauke su.

Muguntar rif ita ce shi ne wurin da ya fi kyan gani. Ka tsaya a gaɓa ka duba, hagu igiya tana fashewa fari fat da kumfa, dama ma haka, sai ka ga wani tsagi a tsakiya ruwan ya kwanta luf, ya ɗan fi duhu, ba hayaniya. Baƙo da ya zo daga Kano ko Zinder bai taɓa ganin teku ba, ina kake jin zai shiga? Wurin da ya kwanta ɗin nan mana, kallon kitse yake wa rogo. Ruwan ya yi duhu ne don ya fi zurfi, igiya ba ta fashewa a wurin ne don kwari ne, in ka ƙura ido za ka ga kumfa da leda da robar fiya wata suna tafiya suna nufar ciki maimakon su zo gaɓa, wani lokacin kuma ruwan ya yi launin ƙasa saboda yashin da yake ɗiba. Ni duk ɗalibin da na ɗauka, satin farko ba na barinsa ya jiƙa ƙafa da safe sai ya hau sama ya nuna min da yatsa inda rif yake yau, don ba ya zama wuri ɗaya, yashi yana motsi, inda yake jiya ba lallai nan yake yau ba, kuma in ruwa ya janye ya kan ƙara ƙarfi. Wanda ba ya motsi shine na gefen duwatsu, irin jerin duwatsun nan da aka zuba suka miƙe cikin teku a yankin Lekki don tare zaizaya, kusan kullum akwai ruwa mai ja a jikinsu, kuma nan ne samari suka fi son hawa su ɗauki hoto.

Rif ba ya danna mutum ƙasa, wannan ka riƙe shi da kyau don za ka yi ta maimaita wa mutane. Fita yake yi da kai kawai, in ya wuce inda igiya take fashewa sai ƙarfinsa ya mutu. Abin da yake kashe mutum shine ya ga gaɓa tana nisa ya firgita ya juya yana iyo da dukkan ƙarfinsa yana son komawa ta inda ya fito, minti biyu uku hannu ya mutu numfashi ya ƙare, sai igiya ɗaya ta rufe shi ya shaƙa. Da zai kwanta rigingine ya saki jiki ya ɗaga hannu ɗaya sama, ko kuma in ya iya ruwa ya yi iyo gefe, wato ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga tsagin ya shiga inda igiya take fashewa ta turo shi, da ya fita. Abin mamaki wanda ya iya ruwa kaɗan ya fi shiga haɗari a kan wanda bai iya ba sam, don wanda bai iya ba iyakarsa idon sawu.

Sai kuma tsarin gaɓar tamu ita kanta. Daga Akra zuwa Lome zuwa Kwatano zuwa Legas, igiyar da take dukanmu daga can kudancin tekun Atlantika take tasowa, ta yi tafiyar dubban kilomita ba abin da ya tare ta, kuma gaɓar tana da gangara sosai, shi ya sa igiyar ba ta fashewa can nesa ta iso a gajiye, a'a sai ta zo dab da ƙafarka ta miƙe tsaye ta faɗo gaba ɗaya. Mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa, ta buga shi da ƙasa, ruwan da yake komawa ya share ƙafafunsa, kafin ya miƙe ta biyu ta iso, taku uku gaba kuma akwai gangaren da zai wuce kansa. Karayar wuya da gocewar kafaɗa duk a nan ake samunsu. Lokacin damina, kamar daga Yuni zuwa Satumba, abin ya fi muni. Yanzu duba kalanda, Babbar Sallah ta 2022 a Yuli ta faɗo, ta 2023 da 2024 da 2025 duk a Yuni, wato daidai lokacin da teku yake haukansa ne motoci suke ɗebo yara daga Agege da Idi Araba da Obalende, a Gana kuma daga Nima da Mamobi su nufi bakin tekun Labadi, yawancinsu sau ɗaya ko biyu suke ganin teku a shekara, sun shiga da jallabiya ko wandon jins ko hijabi wanda da ya jiƙe ya zama kaya. Kaga amsar tambayarka ta biyu kenan, ba sai an nemo aljani ba.

Har hannun mutum yana cikin lamarin. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun dutse a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas don kar yashi ya toshe hanya, shi kuma yashin gaɓar nan daga yamma yake gangarawa zuwa gabas, sai katangar ta tare shi ya taru a ɓangaren yamma, Bar Beach da ke gabas ta rasa mai ciyar da ita, teku ya yi ta cinta shekara da shekaru har ruwa yana hawa titin Ahmadu Bello a Victoria Island, daga ƙarshe aka cike wurin aka yi sabuwar unguwar Eko Atlantic. A watan Agustan 2012 teku ya yi ambaliya a gaɓar Kuramo da ke Legas ya share rumfunan da mutane suke kwana a ciki, an rasa rayuka. Su kuma waɗannan katangun su ne suka sa Tarkwa Bay ya zama ruwa mai sauƙi saboda yana cikin kariyarsu, shi ya sa in sabon ɗalibi zan fara saka wa a ruwan gishiri can na fi so, amma ka zagaya bayan katangar zuwa bakin tekun Lighthouse sai ka ga kamar wata ƙasa ka shiga.

Toh mu dawo kan tirenin. Akwai ƙungiyar duniya ta masu ceto a ruwa, ILS, an kafa ta a 1993 hedikwatarta tana Leuven a Beljiyam, ita ce take fitar da mafi ƙarancin abin da ake so mai ceto ya iya. Na bakin teku ana so ya yi iyon mita 400 cikin ƙasa da minti 8, sannan ya yi gudun mita 200 ya faɗa ruwa ya yi iyon mita 200 ya fito ya sake gudun mita 200 duk cikin minti 8. RNLI, ƙungiyar ceto ta Birtaniya, ta ɗan fi tsanani, mita 400 cikin minti 7 da rabi, da gudun mita 200 a kan yashi cikin sakan 40. A Amurka mita 500 cikin minti 10 ne. Ka je ka gwada kanka da agogo kafin ka je ko'ina, kuma ina gaya maka tun yanzu yawancin 'yan kogi a nan suke faɗuwa karon farko, ba don ba su da ƙarfi ba sai don salon iyonsu, kai a sama ƙafa tana nutsewa ana dukan ruwa da hannu, wannan zai tsallakar da kai kogi amma yana cin ƙarfi kuma ba ya sauri. Sai an gyara maka yadda za ka sa fuska a ruwa kana juyawa kana shan iska ta gefe. Wata biyu zuwa uku na atisaye kullum ya kan ishi mai irin tushenka. Kwas ɗin kansa in na gaskiya ne ba ya kasa awa 40, da jarrabawa a cikin teku ba a fulin wanka na otal kaɗai ba, kuma satifiket ɗin yana ƙarewa, yawanci bayan shekara biyu sai an sake gwada ka. Duk wanda ya ce maka kwana ɗaya ka biya kuɗi ka karɓi takarda, takarda ya sayar maka. Ka tambaye su da wace ƙungiya suke da alaƙa, ka shiga shafin ILS a intanet ka duba ko tana cikin mambobinsu. Ɓangaren taimakon gaggawa kuwa ko a Red Cross za ka iya fara shi tun yanzu kafin ka samu na ruwan.

Iyon ma shi ne ƙaramin ɓangare. Abin da ya fi wuya a koya wa mutum shine kallo. A fim mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu yana kiran a taimake shi, a zahiri shiru yake yi, don iskar da zai yi ihu da ita ita yake nema ya shaƙa. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa kamar mai hawa tsani, kai ya karkata baya, baki yana fitowa yana komawa, hannaye suna danna ruwa a gefe, gashi ya rufe ido bai share ba, kuma wani masani ɗan Amurka Frank Pia da ya yi ta ɗaukar hoton bidiyon masu nutsewa a bakin ruwan New York ya nuna cewa sakan 20 zuwa 60 kawai mutum yake yi a wannan halin kafin ya ɓace. Abokansa suna gefensa taku biyar suna dariya sun ɗauka wasa yake. Saboda haka zaman laifgad ba zaman hutu ba ne, ido yana yawo daga wannan tuta zuwa waccan, wato tutocin da suke nuna iyakar wurin wanka, yana ƙirga kawuna, ba waya ba hira ba cin gyaɗa da 'yan mata, kuma ido yana gajiya, bayan kamar rabin awa sai a canja maka wuri ko wani ya karɓe ka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa mutum ɗaya ba ya gadin bich, ko don in ka shiga ruwa ceto wa zai kalli sauran?

Bari in ba ka wani da na gani da idona. Washegarin wata Sallah ce wajen la'asar, mutane kamar ƙasa, masu doki suna kai da kawowa, kiɗa yana tashi ba ka jin usur ɗin kanka. Wasu samari su shida suka zo da shadda iri ɗaya ruwan toka, suka tuɓe riguna suka bar wanduna, na riga na kore su sau biyu daga bakin wani tsagi na nuna musu tsakanin tutoci, suka ce toh oga, ina juya baya suka koma don can ne ba cunkoso hoton zai fi kyau. Ɗayansu ya ja da baya yana son igiya ta fito a bayansa, sai kawai na ga tsayinsa ya ragu, ruwa daga ƙugu ya koma ƙirji, ya juyo yana murmushi irin na kunya, sai ya fara tafiya. Kafin in iso da tub ɗin ceto, wato abin nan mai yawo a kan ruwa da muke miƙa wa mai nutsewa, abokinsa ya riga ya faɗa zai kamo shi, suka zama biyu. Na farkon da na isa wurinsa idonsa a buɗe amma ba ni yake gani ba, ya miƙo hannu zai cafke wuyana, na ja baya na tura masa tub ɗin a ƙirji ya rungume shi kamar uwarsa. Wanda ruwa ya ci ko takobi ka miƙa masa kamawa zai yi, wannan ba karin magana ba ce kawai a wurinmu, darasi ne na ranar farko, ba a zuwa wa mai nutsewa hannu rabbana, kuma ba a ba shi jiki, abu mai yawo a kan ruwa ake sa wa tsakani. In kuma ya riga ya riƙe ka, ka ja iska ka nutse ƙasa, zai sake ka da kansa don ƙasa ce ba ya so. Abokin aikina ne ya ɗauko na biyun da allon ceto mai yawo a kan ruwa, shi ya sha ruwa sosai, muna fitowa da shi jama'a suka yanyame mu, wani yana cewa a ɗaga ƙafafunsa sama a zazzage ruwan, wani ya riga ya ɗora gwiwa zai danna cikinsa, wata mai abinci ta taho da manja a kofi.

Duk ukun nan babu mai amfani, kuma suna iya kashe shi. Danna ciki abincin da ya ci zai turo ya koma huhu, zazzagewa ɓata lokaci ne, ɗura wa wanda ba ya hayyacinsa manja ko madara kuwa shaƙe shi ne. Matsalar wanda ya nutse rashin iska ce, don haka iska ake fara ba shi. Ka shimfiɗa shi rigingine a inda igiya ba ta isowa, ka ɗaga haɓarsa ka duba numfashi, in babu ko kuma yana fizgar numfashi jefi-jefi kamar kifi a tudu sai ka hura masa iska sau 5, sannan danna ƙirji sau 30 hura iska sau 2, ka ci gaba a haka, dannawar tana shiga kamar santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma yana kiran 112 ko 767 in a Legas ne. Zai yi amai, kusan kullum suna yi, ka juya shi gefe ka share bakin ka mayar ka ci gaba. In yana numfashi ka kwantar da shi a gefensa ka rufe shi. Kuma duk wanda aka farfaɗo da shi, ko yake ta tari yana fitar da kumfa, asibiti zai je ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, don huhun yana iya rikicewa bayan wasu awanni. Wancan yaron ya tashi, amma sai da na yi faɗa da yayansa kafin ya yarda a kai shi, wai kar a ji a gida.

Wani likita ɗan Barazil, David Szpilman, wanda ya daɗe yana aiki da masu ceto a Rio, ya kawo lissafin da nake so kowane mai bich ya haddace. In mutum ya yi ƙasa da minti 5 a ƙarƙashin ruwa, haɗarin ya mutu ko ƙwaƙwalwa ta lalace kamar kashi 10 ne cikin 100, daga minti 6 zuwa 10 ya haura zuwa kashi 56, daga 11 zuwa 25 kashi 88, bayan nan kusan babu fata. Yanzu ka tuna go-sulon titin Lekki zuwa Epe ranar hutu ka gaya min motar asibitin da za ta iso cikin minti biyar. Kai ne asibitin a wannan lokacin.

Akwai wata magana da ba a cika yi ba amma ta shafe mu. Na sha ganin an fito da mace maza sun tsaya cirko-cirko ba mai son taɓa ta, ana neman wata mace da ta iya, minti yana tafiya. Malamai sun yi bayanin lalura, ceton rai ba wurin jin nauyi ba ne, ka sa mata su kewaye ta da zani su yi labule ka yi aikinka. Amma gaskiya maganin abin shine a samu mata a cikin masu ceton, kuma mata sun fi jin maganar mace in ta ce musu ku matso nan.

Sai ɓangaren da ba naka ba ne kai kaɗai, na masu wurin ne, kuma shi nake so ka yi musu tambayoyi a kai kafin ka ce ka karɓi aiki. Kula da haɗarin bakin teku ba daga laifgad yake farawa ba, daga zagayawa ake farawa da biro da takarda, a bi gaɓar tun daga farko har ƙarshe a rubuta me zai iya cutar da mutum a nan, ina rif yake fitowa, ina duwatsu, ina tsohon ƙarfen jirgi ya nutse, ina kwata take shigowa, su waye suke zuwa, yaushe suka fi yawa, ana sayar da giya ko ba a sayarwa, ta ina mota za ta shigo in an samu matsala, wane asibiti ne mafi kusa kuma yana da oksijin. Daga nan sai a yanke inda za a bari a yi wanka da inda za a rufe gaba ɗaya. Wurin wankan shi ake kafa wa tuta biyu masu ja da ruwan ɗorawa, tsarin da aka san Ostireliya da shi, inda aka kafa kulob ɗin masu ceto a Bondi tun 1907, kuma tutocin nan ba a dasa su dindindin, kullum da safe sai an duba ruwa a matsar da su, wani lokacin sau biyu a yini. Jar tuta zalla tana nufin haɗari kar a shiga, mai baƙi da fari kuma wurin masu allon hawa igiya ne da jiragen wasa ba na masu wanka ba. Wahalar ita ce ranar da ya kamata a ɗaga jar tuta sau da yawa ita ce ranar da aka fi sayar da tikiti. Na taɓa barin wani wuri saboda haka, manaja ya ce in sauke jar tuta tana korar kwastoma, na ce sai dai ya sauke da hannunsa, ya sauke, ni kuma na ajiye masa usur ɗinsa. Don haka ka tambaye su tun yanzu, wa yake da ikon rufe ruwa, kai ko mai karɓar kuɗin geti?

Ka tambaye su ku nawa ne a kan aiki ranar Lahadi da ranar Sallah, akwai hasumiya ko wani abin hawa don daga ƙasa ba ka ganin bayan igiya, akwai tub ɗin ceto da allo da takalmin iyo da akwatin taimakon gaggawa da abin hura iska, akwai rediyon oba-oba, ƙarfe nawa ake fitar da kowa daga ruwa don wankan dare da giya su ne abokan mutuwa, akwai littafin da ake rubuta duk abin da ya faru. Littafin nan mutane suna raina shi, alhali shi ne zai nuna maka bayan wata shida cewa yawancin matsalarka a kusurwa ɗaya take faruwa kuma a awa ɗaya, sai ka san inda za ka ajiye mutum. Allon gargaɗi kuma in da Turanci kaɗai aka rubuta shi rabin masu zuwa bai yi musu magana ba, a sa hoto, a sa lasifika, kuma a nan ne kai kake da abin da wasu ba su da shi, ranar Sallah ka tari motocin tun a geti ka yi musu bayani da Hausa minti biyu, ga inda za ku shiga, kar ku wuce ƙugu, in ruwa ya ja ka kwanta ka ɗaga hannu, in ya ja abokinka kar ka bi shi ka jefa masa abu ka yi ihu. Na gwada wannan kuma ranakun da na yi shi sun fi min sauƙi nesa ba kusa ba, har dattijan da suka rako yara su kan taya ni tsawatarwa. USLA ta ƙiyasta cewa yiwuwar mutum ya nutse ya mutu a bich ɗin da masu cetonta suke gadi ɗaya ne cikin miliyan 18, kuma ba yawan faɗawa ruwa ne ya kawo haka ba, yawan hanawa ne tun mutum yana tudu. Laifgad ɗin da ya yini yana busa usur yana matsar da mutane har aka tashi rigarsa a bushe, ya fi wanda ya yi ceto biyar aiki.

Kar rashin kayan Turawa ya sa a ce ba za a yi komai ba. A Afirka ta Kudu ƙungiyar masu ceto a teku, NSRI, tun 2017 take kafa sanduna a bakin ruwan da ba mai gadi tana rataye abin yawo mai launin hoda don duk wanda ya ga wani yana nutsewa ya jefa masa, kuma ya ceci mutane da dama. Mu nan jarkar mai ta lita 20 ko 25 in ka wanke ta ka rufe murfin da kyau ka ɗaura mata igiya, za ta riƙe babban mutum a saman ruwa, ka bar ɗan ruwa kaɗan a ciki don ta yi nauyin jefawa iska kar ta ɗauke ta. Kai da ka taso da gora ba sai an yi maka dogon bayani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, sama da kashi 90 cikin 100 a ƙasashe irin namu, kuma ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara ita Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2021 don wannan matsalar, in kana neman ranar da za ka tara yaran unguwa a Agege ka koya musu jefa jarka ga ta nan.

In ka je ganin wurin ka tafi da sassafe kafin mutane su zo, ka nemi masuntan da suke tura kwale-kwale a kusa ka gaishe su ka tambaye su ta ina suke fita, za ka ga sau da yawa ta cikin rif ɗin suke bi don shi yake fitar da su ba wahala, sun san kowane tsagi a gaɓar nan fiye da kowa. Ka zauna a tudu awa ɗaya kana kallo kawai, ka jefa ɓawon kwakwa a wurare uku ka ga inda kowanne ya nufa. Ranar farko kar ka shiga kai kaɗai, kuma ka turo min lokacin da ka yi a mita 400 ɗin in gaya maka ko ka kai ko da saura.